Abin da ya kada yaranmu a karawa ta biyu

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina zaune a jihar Texas ta Amurka, ɗana yana buga wa sakandaren unguwarmu ƙwallon nan tasu ta hannu mai hular kwano, wadda ake yi daren Juma'a. A Satumba mun lallasa wata makaranta, sai ga shi an sake haɗa mu a zagayen sili ɗaya ƙwale a Nuwamba, suka yi waje da mu.

Iyaye sai zagin rafali suke, ni kam ban yarda ba, koci ne ya ja mana. 'Yan waccan makarantar fa sun zauna sun kalli bidiyon wasan farko tas, sun gane duk sanda muke neman matsawa gaba da ƙwallo yadi 10 cikin dama 4, kamar yadda dokar wasan ta tanada, yaro ɗaya ake miƙa wa ƙwallo ya ruga, shi kuma kocin namu ko dabara ɗaya bai canza ba. Mutum uku suka ɗora wa yaron. A kwata ta ƙarshe, wato kashi na huɗu na wasan, minti 12 cur, ina hango shi yana haki hannu a ƙugu, amma an ƙi fitar da shi.

Ɗana ko tuwon da mamansa ta tuƙa masa bai taɓa ba daren.

Naku,
Wani uba daga Texas