Godiya ga masu gyaran wayarin ɗin babur na layin Ƙofar Ruwa

Assalamu alaikum, Malam, kai da yaran shagonka.

Na rubuto wannan wasiƙa a fili domin godiyar da na yi muku ranar Asabar a bakin shago ba ta ishe ni ba. Ni ne mai tsohuwar Honda CG125 ɗin nan da na gada wajen mahaifina, Allah ya jiƙansa.

Wata uku sigina tana wahalar da ni. Ta dama ta kama ta tsaya cak ba ta ƙiftawa, ta hagu kuwa in na kunna sai fitilar baya ta riƙa lumshewa tare da ita. Wurare biyu na kai ta kafin ku. An canza min filasha, wato 'yar na'urar da ke sa sigina ƙiftawa, an canza ƙwai, an naɗe wayoyi da salatif, ba a kwana biyu ciwon ya dawo. Har na koma miƙa hannu in zan karya kwana, ga 'yata a bayana kullum safiya, ga motoci a titin Katsina. Hankalina bai taɓa kwanciya ba.

Abin da ya fara burge ni, Malam, ba ka ce in sayo komai ba. Batir ka fara aunawa, ka ce in ya yi sanyi tsohuwar filasha ba ta samun ƙarfin ƙiftawa sai an ba babur wuta. Da ka ga lafiyarsa ƙalau, ka buɗe ƙoƙon fitilar gaba, ka ɗauko ƙwan gwajinka, ka riƙa bin waya ɗaya bayan ɗaya kana faɗa wa yaronka: mai ruwan lemo ta hagu ce, shuɗiya mai haske ta dama, mai ruwan toka daga filasha take zuwa makunni, koriya kuma ita ke mayar da wuta jikin ƙarfen babur. A tsaye nake ina saurare, na ƙaru kamar yadda yaron ya ƙaru.

Ashe ciwo biyu ne. Inda koriyar waya ta baya ke ɗaure ya ci tsatsa, wuta ta rasa hanyar komawa, shi ya sa take ratsawa ta fitilar baya. Ka kankare wurin har ƙarfe ya yi fari, ka ɗaure tam. Na biyun ne ya fi ɓuya. Shuɗiyar waya ta karye a cikin robarta daidai wuyan babur, inda take lanƙwasawa duk lokacin da aka juya kai, shekara da shekaru. Daga waje lafiya lau take. Sai da ka sa yaro ya riƙa juya kan babur a hankali, ƙwan gwaji yana kamawa yana ɗaukewa, sannan ka gano wurin. Ka yanke, ka yi ƙari da dalma, ka bar mata sarari yadda ba za ta ƙara ɗamewa ba.

Tsohuwar filashar da aka cire min a baya ma ka gwada, ka ce lafiyarta lau, in ajiye. Kuɗin aikin bai kai abin da na kashe a banza a wuraren farko ba.

Mako na uku ke nan, an yi ruwa sau biyu, sigina ba ta yi gardama ba. Allah ya saka da alheri, ya albarkaci sana'arku, ya sa yaran nan su gaji haƙurinka.

Naku,
Mai tsohuwar Honda, daga Gwammaja, Kano