Zuwa ga ɗiyata da ta tambaye ni zancen harsuna a taron matasa

Ɗiyata cikin bangaskiya, gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu, ina gida, ina su baba.

Ran Asabar kin tashi gaban jama'a kin yi mani tambaya, lokaci ya ƙure, kuma tunda a fili kika yi ta bari in amsa a fili don na san ba ke kaɗai ke ɗauke da ita ba. Kin ce ƙawayenki na wata majami'a sun ce tunda ba ki taɓa magana da harsuna ba, wato furta harshen da ba ki koya ba ta ikon Ruhu, to Ruhu Mai Tsarki bai sauko maki ba tukuna, kin koma gida babanki kuma ya ce abin nan ya ƙare tun zamanin manzanni, wanda ake yi yanzu bori ne aka sa ma sunan Yesu. Kika ce wa za ki bi.

Ni dai iya karatuna ban ga inda Littafi Mai Tsarki ya ce baye-bayen Ruhu irin su harsuna sun ƙare ba. Amma ƙawayenki sun aza maki kayan da Allah bai aza maki ba, kuma wannan ne ya fi damuna.

Gardamar ta girme mu duka. Wajen shekara ta 180 Ireniyus, wani shugaban ikilisiya na dā, ya rubuta cewa ana jin 'yan'uwa cikin ikilisiya suna annabci suna magana da harsuna iri iri, amma wajen 400 manyan malaman ikilisiya Kirisostom da Agustin suka ce abin ya wuce, alama ce ta wancan lokaci. Ita kuwa koyarwar da ƙawayenki ke riƙe da ita, wai harsuna su ne shaidar baftisma ta Ruhu, daga Amurka ta taso, a Topeka 1901 wajen Charles Parham, sannan ta bazu daga titin Azusa na Los Angeles a 1906 ta hannun William Seymour. Mu kuma nan ikilisiyoyin iyayenmu daga mishan na SIM (Sudan Interior Mission) suka fito, waɗanda suka fara zama Damagaram a 1924 kafin su zo Tsibiri da Danja da Galmi, su ba su zo da koyarwar harsuna ba, sai daga baya su Assemblées de Dieu da sauransu suka shigo. To kin ga kowa abin da ya tashi ya tarar ne yake karewa.

Masu cewa sun ƙare suna da hujja, kada ki rena su. Suna buɗe 1 Korantiyawa 13:8 inda Bulus ya ce harsuna za su ƙare, su ce cikakken da aya ta 10 ke jira ai Littafi ne da ya kammala, su ƙara da Afisawa 2:20 cewa manzanni da annabawa harsashi ne kuma an riga an aza shi. Suna kuma cewa ran Fentikos, ranar da Ruhu ya sauko ma manzanni, yarukan mutane aka ji, mutanen Masar da Larabawa da Romawa kowa ya ji nashi, kuma gaskiya ne wasu 'yan Fentikos na farko, masu koyarwar harsuna, sun tahi Indiya suna zaton an ba su yaren ƙasar, suka iske ba mai fahimtarsu. Amma ki ci gaba da karatun 1 Korantiyawa 13 zuwa aya ta 12, lokacin da Bulus ke nufi shi ne ranar da za mu gani ido da ido mu sani kamar yadda aka san mu, ni kam ban ga mun kai nan ba, sai Yesu ya dawo. A 14:2 ma ya yi zancen mai magana da Allah da harshen da ba mai ganewa, a 14:39 ya ce kar a hana.

Yanzu zancen babanki, a nan nake so ki tsaya ki yi tunani. Mutanen zamaninsa da yawa daga gidajen da ake bori suka fito, da idonsu sun ga an sa goge ana kiɗa, mace ta faɗi tana birgima muryarta ta sake, in iska ta sauka a tambaye ta mi ta ce ba ta sani ba. Wasunsu sun rasa dangi da gado kafin su rabu da wannan. To ya shiga majami'a ya tarar da ganga da mikro, 'yan mata na faɗuwa ana riƙe masu zane, mi kike so zuciyarsa ta gaya mashi? Tsoronsa ba na jahilci ba ne. Inda na rabu da shi kawai, Littafi da kansa ya ba mu abin gwaji. A bori mutum doki ne, wanda ya hau shi ke riƙe da linzami. Bulus kuwa ya ce ruhohin annabawa suna ƙarƙashin ikon annabawa (14:32), ya ce masu harsuna su zama biyu ko in sun yi yawa uku, bi da bi, wani ya fassara, in ba mai fassara mutum ya yi shiru ya yi magana tsakaninsa da Allah. Wanda aka ce ma ya yi shiru ai da hankalinsa yake. Duk inda aka ce maki Ruhu ya kama mutum har ba ya iya tsayawa, ki buɗe 14:27 da 28 ki gwada.

Ƙawayenki kuma su karanta 12:30, duka ne ke magana da harsuna? Amsar a'a ce, kamar yadda ba duka ne manzanni ba. Aya ta 13 ta ce dukanmu da Ruhu guda aka yi mana baftisma, Romawa 8:9 ta ce wanda ba shi da Ruhun Almasihu ba nashi ba ne, ke kuwa kin ba da gaskiya kin shaida shi gaban mutane a garin da yin hakan ba sauƙi. Na taɓa ganin an kewaye yara a kwanan addu'a ana ce masu su yi ta maimaita haleluya da sauri da sauri har harshe ya harɗe, sai a yi tafi a ce sun karɓa, kuma daga cikinsu akwai wanda ya zo mani da kuka yana cewa shi ƙirƙira ya yi don a ƙyale shi, ko Allah zai gafarta mashi. Abin ya ɓata mani rai ƙwarai. Ruhu ne ke raba baiwar yadda ya nufa (1 Korantiyawa 12:11), ba pasto ke koyar da ita ba.

Kuma mu tuna inda muke zaune. Maƙwabtanmu Musulmi suna jin duk abin da ke fita daga lasifikarmu, Bulus ya riga ya faɗa a 14:23 cewa in baƙo ya shigo ya tarar kowa na harsuna zai ce mun haukace, shi da ya ce ya fi su duka harsuna ya gwammace kalma biyar da hankali a cikin taro a kan dubu goma da ba a ganewa.

In kina marmarin baiwar ki roƙa, 14:1 ta ba ki izini, in ya ba ki ki yi ta bisa tsari, in ya ba ki wata daban ki yi aiki da ita. In sun sake kewaye ki, ki ce masu da ladabi kin gode da addu'a amma ba za ki furta abin da ba a ba ki ba. Ran Lahadi bayan sujada ki zo da ƙawayen naki mu karanta 1 Korantiyawa sura 12 zuwa 14 gaba ɗaya, babanki kuma ki bar mani shi, ni zan je in same shi gida.

Naki, baba cikin Ubangiji,
daga Maradi