Barka da Sallah daga gindin dutsen Merapi

Sleman, Indonesiya
1 ga Shawwal

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Baba da Inna, da Yaya da iyalinsa, da duk mutanen gida.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, barkanmu da shan ruwa, barkanmu da Sallah. Allah ya karɓi ibadunmu, ya nuna mana ta baɗi da rai da lafiya. Mun riga ku da awa shida, don haka lokacin da muka sauko daga idi ku ko asuba ba ku yi ba.

Bana ban yi Sallah a cikin birnin Yogyakarta ba. A ƙasar nan idan azumi ya zo ƙarshe kowa komawa yake yi garinsu, miliyoyin mutane a mota da jirgi da babur, har unguwarmu ta ɗalibai ta zama kamar an share. Abokin karatuna ya ce ba zai bar ni ni kaɗai a ɗaki ba, ya ɗauko ni zuwa ƙauyensu da ke yankin Cangkringan, arewa da birnin, a kan gangaren dutsen Merapi mai aman wuta. Jiya da daddare yara suka zagaye ƙauyen da jiniyoyin wuta na gora suna kabbara, ana buga babbar gangar masallaci har tsakar dare. Yau bayan idi aka shiga gida gida ana neman gafara. Abokina ya durƙusa gaban mahaifiyarsa, ya kifa goshinsa a gwiwarta yana roƙon ta yafe masa, su biyun suna hawaye. A nan ne kewarki ta kama ni sosai, Inna. Ni ma ina roƙon ku yafe mini duk abin da na yi muku, wanda na sani da wanda ban sani ba. Abincin Sallarsu shinkafa ce da ake dafawa cikin saƙar ganyen kwakwa har ta dunƙule, da kaza a romon kwakwa. Na ci na ƙoshi, amma raina na wajen tuwonki da miyar taushe.

Inna, duk sanda muka yi waya tambayarki ɗaya ce: ko ina kwana lafiya, ko akwai ɓarayi a nan. Bari yau in ba ki amsa a tsanake.

Ranar da muka iso, ko jaka ban kwance ba abokina ya kai ni gidan shugaban layinsu, wanda suke kira Pak RT, mai kula da gidaje kamar talatin ko arba'in. Ƙa'ida ce: baƙon da zai wuce kwana ɗaya dole a kai shi a gabatar. Ya duba fasfona da katin zamana, ya rubuta sunana a littafi, ya ba ni shayi. Kafin magariba ba wanda bai san akwai baƙo daga Najeriya a gidan wane ba.

A bakin hanya akwai 'yar rumfa ta masu sintiri, da allo a jikinta ɗauke da sunayen magidanta da daren kowa. Malamin makaranta da mai yankan ciyawa duk layi ɗaya suke, wanda ya ƙi fitowa ba uzuri ya biya tara. Abin da ya fi burge ni shi ne ɗan gwangwanin da ke rataye a ƙofar kowane gida. Da yamma uwar gida za ta jefa kwabo a ciki, rufiya 500 ko 1,000 na kuɗin ƙasar; a da can 'yar shinkafa kaɗan ake zubawa. Masu sintiri sai sun taka ƙofar kowane gida sun kwashe. Idan gari ya waye kuɗin na nan cikin gwangwani, to kowa ya san ba a zagayo ta nan ba jiya. Ka ga, Baba, da kwabo ɗaya an tabbatar an yi gadin, an kuma tara abin sayen ƙwan fitilar titi da kujerun taro da taimakon wanda aka yi wa rasuwa. Na bi su dare guda cikin azumin nan. Ba su da komai sai tocila da sanda da wani gungumen icce fafaffe da ake bugawa. Kowane bugu da ma'anarsa, idan aka ji shi ba ƙaƙƙautawa to kowa ya fito, ko gobara ce ko ɓarawo ko dutsen ne.

Ba wai ba a sata ba. Ana satar babur, ana satar akuya, idan barkono ya yi tsada har gona ake bi a tsinke shi cikin dare. Akwai kuma abin da ban so ba: sun ba ni labarin cewa a wurare da yawa idan aka kama ɓarawo jama'a kan rufe shi da duka kafin 'yan sanda su zo, wani lokaci har rai ya salwanta. Rai a kan babur! Dattawan nan sun ce su ƙoƙarinsu shi ne su ƙwace shi su miƙa wa hukuma, Allah ya sa haka ne kullum.

Na daɗe ina tunanin me ya sa tocila da sanda suka ishe su, mu kuma 'yan sintirinmu na fita da bindigar toka amma har yanzu noma na nema ya gagari mutane. Amsar da na samu ita ce a nan bindiga ba ta yawo a hannun jama'a, dokarsu a kanta mai tsanani ce. Ɓarawonsu mutum ɗaya ne ko biyu masu tsoron a gan su. Don haka ba zan ce a kwaso tsarinsu a kawo gida matsalarmu ta ƙare ba, wanda ya zo da babura hamsin gwangwani ba zai tare shi ba. Shanunsu ma ba a kora su kiwo. A turke suke cikin garke, mai su ya hau dutse ya yanko ciyawa ya ɗauro a babur, shi ya sa ban ji ana rigimar ɓarnar gona ba.

Abin tsoronsu na gaske shi ne dutsen. Daga ƙofar gidan nan ina hango ƙololuwarsa, tsayinsa ya kusa mita 3,000, hayaƙi na fita a hankali. A 2010 ya yi aman da ya fi kowane muni cikin fiye da shekara ɗari. Ya fara ranar 26 ga Oktoba, ranar da gajimaren toka mai zafi ya kashe dattijon da fadar Sarkin Yogyakarta ta naɗa mai kula da dutsen, Mbah Maridjan, a gidansa da ke Kinahrejo. Mafi girman aman ya zo ranar 5 ga Nuwamba, ya biyo kwarin kogin Gendol ya sauko har ƙauyukan da ake ganin sun yi nisa. Mutum fiye da 350 suka rasu, an kwashe sama da 300,000. Mahaifin abokina ya ce cikin waɗanda suka rasu akwai mutanen da an riga an kai su sansani, suka sulale suka koma don su ba shanunsu ciyawa. Ban ga laifinsu ba. Saniyar madara ita ce kuɗin makarantar yara, ita ce ajiyar ranar ciwo.

Tun daga nan suka canza zama. Gwamnati ta gina wa mutanen ƙauyukan sama gidaje a ƙasa, ko da yake wasu kullum suna hawa gonakinsu, don ƙasar da tokar ta taka ba abin da ba ta yi. Akwai alluna a kowace mararraba masu nuna hanyar gudu da wurin taruwa. Matasa na riƙe da rediyon oba-oba suna sauraron masu sa ido kan dutsen. A Nuwamban 2020 aka ɗaga gargaɗi zuwa mataki na uku cikin huɗu, kuma har yau mutanen gidan nan da dare suna ajiye babur fuskarsa na kallon hanya. Kada hankalinki ya tashi, Inna, ƙauyen nan yana wajen iyakar da aka hana zama, kuma jibi zan koma birni.

Baba, ga abin da ya sa na tsawaita. A bayan ƙofa suna da jaka guda a rataye, ba kuɗi a ciki ba zinariya, sai takardun gona da na gida da na haihuwa. Mahaifin abokina ya ce bayan aman 2010 yashi da toka sun binne gonaki, bishiyoyin da aka san iyaka da su sun ƙone, ba wanda zai iya nuna inda tasa ta tsaya. Sai da ma'aikatan ƙasa suka sake awo, da taimakon tsohon littafin ƙauye da shaidar maƙwabta. Wanda ke da takarda ya huta, wanda ba shi da ita ya sha wahala, har 'yan uwan juna suka daina gaisawa. Gonakinsu ƙanana ne, da yawa ba su kai rabin hekta ba, taku ɗaya ma abin rigima ne. Da ya faɗi haka gonarmu ta bayan rafi ta faɗo mini, wadda muka yi damina biyu ba mu noma ba saboda halin da ake ciki. Waɗanda suka san iyakarta da ta su Kawu tsofaffi ne, wasu sun yi ƙaura. Ina roƙon Baba, idan Sallah ta wuce, a je wurin dagaci da shaidu a rubuta iyakar kowace gona, a sa hannu, Yaya ya ɗauki hoton takardar ya turo mini in ajiye. Kuɗin da za a kashe ni zan aiko.

Yaya, ka tambaye ni ko mutum zai iya sayen fili a nan. Dokar ƙasarsu ta 1960 ta hana baƙo mallakar fili kacokan, sai dai haya ko izinin amfani na wasu shekaru. Masu saye da sunan ɗan ƙasa kuwa ranar da aka saɓa ba su da abin kamawa a kotu. Ka bar kuɗinka a gida.

Na tura goron Sallah ta hannun Yaya, a raba wa yara, a cire na Gwaggo da na Malam. A gaishe da Kaka da kyau, a ce mata ina shan maganin sanyin da ta ba ni. A gaida su Kawu da maƙwabta da abokaina na majalisa. Auta ta turo mini hotunan kwalliyar Sallah da na hawa idan an yi. Mutanen gidan nan ma sun ce in gaishe ku, uwar gidan ta ce a gaya wa Inna ɗanta yana cin abinci.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya bar mu tare. A ci gaba da sa ni a addu'a.

Wassalam,
Ɗanku