A Rage Surutu, Kada a Manne Kalmomi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili in kai kukana kan wata ɗabi'a da ke neman zama ruwan dare tsakanin matasanmu masu shiga gasar rubutu.

Ni dai ba marubuci ba ne. Shagon buga takardu nake da shi a Kabuga, kusa da tsohuwar harabar Jami'ar Bayero, kuma yau shekara goma sha huɗu ke nan ina zaune gaban kwamfuta ina buga kundin ɗalibai da takardun haya da katin biki. To amma tun da Sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata ta mata zalla a 2016, wadda ake neman labari tsakanin kalma 1,000 zuwa 1,500, sai na samu wasu sababbin masu kawo aiki. Daga baya ƙananan gasanni suka yi ta ɓullowa a Facebook da WhatsApp, kowace da nata sharaɗin. Idan lokacinsu ya zo, za ka ga 'yan mata da matan aure da samari sun cika min benci, kowa riƙe da littafin rubutu ko waya, kuma idon kowa na kan wuri guda: ɗan lungun nan na ƙasan allo ta hagu, inda Microsoft Word ke nuna adadin kalmomi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne a gidanmu. Ɗiyar yayata, wadda ta gama sakandare bara, ta ga sanarwar wata gasa a intanet. Ba zan faɗi sunan masu ita ba, don ba tonon silili ya kawo ni ba. Tsarinsu ya ɗan bambanta da wanda aka saba. A zagayen farko ba labari ake turawa ba, tauraron labarin za ka gabatar, ka faɗi ko wane ne shi, me yake nema a duniya, me ya tare masa hanya, duk a cikin kalmomin da ba su wuce 200 ba. Wanda tauraronsa ya burge alƙalai shi za a ce ya kawo cikakken labari.

Ta zo min ranar wata Asabar da shafi huɗu cif na rubutun hannu. Na buga, kwamfuta ta ce 611.

Ta ce, "Kawu, ba ni kujerar, minti goma kawai."

Na tashi na je na sallami wani mai hoton fasfo. Ko da na dawo adadin ya sauko zuwa ɗari biyar da 'yan kai, tana ta murmushi. Na duba, ban ga jimla ko ɗaya da ta fita ba. Ashe tazarar da ke tsakanin kalmomi ta bi tana gogewa. "Ya zo" ta koma "yazo", "ba shi da" ta koma "bashida", "a kan" ta koma "akan". Ta gano abin da duk masu zama a bencina suka gano: kwamfuta ba ta san kalma ba, fili kawai take ƙirgawa. Duk abin da ke tsakanin fili biyu, kalma ɗaya ce a wurinta, ko da jimla guda ka cusa a ciki.

Na sa yatsa a kan wani layi na ce ta karanta min da ƙarfi. A takardarta ta rubuta cewa an ba tauraron labarin, wani yaro a Kantin Kwari, sadaka ya ƙi. A allo kuwa ga abin da ke zaune: "an ba shi sadaka yaƙi". Na ce, "To wa ya kawo yaƙi cikin Kantin Kwari?" Can ƙasa kuma, inda take nufin kakarsa ta fi kowa haƙuri, ya zama "kakarsa tafi kowa". Dariya ta kama ta har da riƙe ciki, amma ni abin bai ba ni dariya sosai ba, domin a wata guda nakan ga irinsa sau ashirin. "Ya yi" daban, "yayi" daban. "Da ma" daban, "dama" daban. "Ka sa" ba "kasa" ba ce. Raba kalma da haɗe ta a Hausa ba ado ba ne. Masana sun yi zama a kansa ba sau ɗaya ba, har da taron Bamako na 1966, kuma ga Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya nan a Jami'ar Bayero, tafiyar 'yan mintuna daga shagona, ta daɗe tana wannan hidima. Rubutun waya ya riga ya yi wa ƙa'idar rauni. Yanzu kuma tsoron wuce adadi ya zo yana ƙarasa ta, a hannun mutanen da ya kamata a ce su ne masu tsaronta.

Muna cikin haka wani dattijo da ke jiran a yi masa kwafin takardun fansho, tsohon malamin Hausa ne, ya miƙo hannu ya ce, "'Yata, kawo in gani." Ya gyara tabarau ya karanta shafin farko shiru. Tauraron nata ɗan dako ne a Kantin Kwari, amma ga yadda ta buɗe: kyakkyawan saurayi ne ajin farko, dogo, wankan tarwaɗa, mai dara-daran idanu da dogon hanci da saje kwantacce luf. Dattijon ya ɗago ya ce, "Wannan dila yake ɗauka ko fim yake fitowa?" Ya ce duk wanda ya karanta littattafan soyayya biyar ya haɗu da wannan saurayin sau biyar, don haka alƙali ba zai tuna shi ba. Layi shida suka tafi a nan take, ba wanda ya yi kewarsu.

Sai ya zo kan sakin layi na biyu, inda ta kashe kalma kusan casa'in tana bayanin yadda mahaifiyar yaron ta rasu yana jariri, kakarsa ta ɗauke shi ta raine shi da kunu da madarar shanu. Ya tambaye ta sunan yaron. Ta faɗi wani suna na 'yan gayu, irin wanda ake yayi yanzu. Ya girgiza kai.

"Sa masa Talle."

Ta ce, "Baba, ai sunan ƙauye ne."

Ya ce, "Sunan da ya yi miki aikin kalma casa'in ne. Bahaushe na jin Talle ya san maraya ne, wani ya tallafe shi."

Daga nan ya shiga jero mata su, yana lanƙwasa yatsu. Audi, wanda aka haifa bayan rasuwar uba. Gambo, mai bin tagwaye. Tanko, namijin da ya biyo mata. Kande, macen da ta biyo maza. Auta kuwa ba sai an faɗa ba, har shagwaɓarsa tana cikin sunan. Ya ce kakanninmu sun iya ɗura tarihin mutum a kalma ɗaya, mu ne muka zo muna neman shafi huɗu. Ya kawo kirari ma: "Kano ta Dabo tumbin giwa, ko da me ka zo an fi ka." Ya sa ta ƙirga. Goma sha uku. Ya ce, "To ga birni guda da girmansa da alfaharinsa da cika-bakinsa. Ke an ba ki 200 a kan yaro ɗaya kina kuka." Kafin ya karɓi takardunsa ya ƙara mana da cewa ƙagaggen labarin Hausa na boko ma ta hanyar gasa ya kafu, wadda wani Bature, Rupert East, ya shirya a Zariya a 1933, aka fitar da littattafai biyar daga cikinta. Wato gasa da sharaɗinta ba baƙin Bahaushe ba ne.

Wurin da ya fi ba mu wuya shi ne inda take son nuna yadda Talle ke ƙaunar kakarsa. Ta rubuta cewa yana matuƙar sonta fiye da yadda baki zai iya faɗa, ba shi da kowa a duniya sai ita, ita ce uwarsa ita ce ubansa, zai iya ba da ransa saboda ita, da sauransu har rabin shafi. Duk gaskiya ne, amma ba abin da ido zai kama. Na ce ta je Kwari ta zauna ta kalli 'yan dako, tunda ba Legas ba ce, kuɗin adaidaita sahu ne kawai. Ta je ranar Litinin, ta zauna a shagon wata ƙawar mahaifiyarta tun hantsi har azahar. Ta dawo tana ba ni labarin yadda kowane ɗan dako ke da gammonsa, wani tsumma ne, wani tsohon buhu, kuma sukan ari na juna idan kaya ya zo ba shiri. Da daddare ta turo min jimla ɗaya ta waya: "Gammonsa tsohon ɗankwalin kakarsa ne, ba ya ba kowa aro." Kalma goma. Na karanta sau uku ina zaune a kan tabarma. Rabin shafin nan gaba ɗaya ya shige cikinta, har da abin da rabin shafin bai iya faɗa ba.

Saboda haka ni ba na cikin masu cewa a cire iyakar kalmomi. Alƙalan da za su karanta labari ɗari uku mutane ne, suna da iyali da aikin yi. Kuma na ga da idona yadda matsin ya tilasta wa yarinyar nan ta daina zuba ta fara zaɓe. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yakan ba mu labarin zamanin tangarahu, lokacin da ake biyan kuɗi a kan kowace kalma a gidan waya. Ya ce mutumin da zai yi maka gaisuwar rabin awa a zaure, idan ya je can sai ka ji "Inna ba lafiya taho", kuma saƙon ya isa.

Kukana na biyu yana kan masu shirya gasar ne. Mun gama aiki, Word ta ce 198, muka yi hamdala. Daren rufewa, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, aka ɗauke wuta kamar yadda aka saba, na tada janareta, muka liƙa rubutun a akwatin da suka tanada a shafinsu. Sai jan rubutu ya fito, wai 207, an wuce ƙa'ida. Muka sake liƙawa, haka. Sai da na yi ta gwaji ina cire kalma ɗaya-ɗaya kafin na gane cewa nasu ma'aunin yana raba duk kalmar da ke da karan ɗori. "Sannu-sannu" biyu ce a wurinsa, "yau-da-gobe" uku, alhali Word ɗaya take ɗaukar kowace. Ba inda aka faɗi haka a sanarwa. Yarinya na hawaye, agogo na tafiya, mai na ƙonewa, muka yanke kalma bakwai a gaggauce, ciki har da wata jimla da nake jin zafinta har yau. Da saƙon tabbatarwa ya shigo kuma, duk inda ƙ da ɗ da ɓ suke sun koma alamar tambaya. Gasar Hausa ce fa, amma akwatinta bai san haruffa masu lanƙwasa ba. Mu masu sana'ar nan mun saba da wannan ciwon: ko a saƙon tes, harafi mai ƙugiya guda ɗaya yakan sa saƙon da ke cin haruffa 160 ya koma cin 70. Amma wanda ya kira mutane gasa, shi ya kamata ya gwada ƙofarsa kafin baƙi su iso.

Abin da nake roƙo ba mai tsada ba ne. Idan an ce kalma 200, a faɗa mana da wane mudu za a auna, tunda ko a Dawanau ba a cinikin hatsi sai an san tiyar da za a yi awo da ita. Take yana cikin lissafi ko ba ya ciki? Kalma mai karan ɗori ɗaya ce ko biyu? Kalmomi ake ƙirgawa ko haruffa? Layi biyu a sanarwa sun isa su amsa wannan. Sannan a rubuta ɓaro-ɓaro cewa duk wanda ya manne kalmomi za a warware su a sake ƙirgawa. Ranar da aka fara haka, wallahi dabarar goge fili ta mutu, domin a yanzu mai bin ƙa'ida shi ke cutuwa: ya rubuta "ba zai zo ba" an caje shi huɗu, maƙwabcinsa ya rubuta "bazaizoba" an caje shi ɗaya, kuma wani lokaci shi ne za ka ji ya haye.

Ni ma a nawa ɓangaren na sa doka a shago. Duk wanda ya kawo aikin gasa ya ce in manne masa, nakan ce ya zauna mu karanta tare mu nemo abin yankewa, ba ƙarin kuɗi. Wasu sukan zauna. Wasu sukan karɓi filashinsu su tsallaka shagon gaba, har wata ta ce min in ina son koyarwa in nemi aji.

Ɗiyar tawa dai sakamako bai fito ba tukuna, kullum sai ta duba waya kafin ta yi karin kumallo. Ta riga ta fara rubuta cikakken labarin Talle, wai ko ba a kira ta ba.

Malam Edita, na san kai ma kana da naka mudun, kuma wasiƙar nan ta yi tsawo. Idan fili ya ƙi, ka cire zancen tangarahu, ba zan ji haushi ba. Gammon nan dai a bar min shi.

Naka,
Mai shagon buga takardu,
Kabuga, Kano.