Godiya ga ma'aikatan Kodak da suka riƙe mana fim

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan kamfanin Kodak da ke birnin Rochester a Amurka.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, na rubuto ne in gode muku a bainar jama'a, a madadin ire-irena da har yau muke ɗura fim a kyamara. Lokacin da kamfaninku ya shiga karayar arziki a 2012, mutane da yawa sun ɗauka fim ya gama yawo. Kuka farfaɗo a 2013, aka ci gaba da aiki, har a 2018 kuka dawo da fim ɗin Ektachrome bayan an yi masa bankwana. Yaba kyauta tukuici.

Babban abin da ya sa nake gode muku shi ne ba ku bar mu da fim iri ɗaya ba. Mai kyamarar dijital yana sauya ISO, wato lambar da ke nuna saurin kama haske, da ɗan yatsa duk lokacin da ya ga dama. Mu kuwa, da zarar an rufe murfin bayan kyamara, lambar ISO da ke jikin kwalin fim ita za ta raka mu har hoto na 36. Duk sa'ad da lambar ta ninka, hasken da fim ke bukata ya ragu da rabi, don haka fim mai 400 rubu'in hasken da mai 100 ke nema ya ishe shi. Sai dai ƙwayoyin sinadarin azurfa da ke jikinsa sun fi girma. Girman nan ne ke sa su kama haske da wuri, shi ne kuma ke fito da tsaba-tsaba idan aka faɗaɗa hoton.

Ektar 100 ɗinku gwani ne a rana mai ƙarfi, launinsa tas, tsabarsa da ƙyar ido ke gani. Gold 200 ya dace da wanda yawancin hotunansa a waje yake ɗauka. Amma a ganina, don hoton yau da kullum babu kamar 400, ko UltraMax ko Portra, ko kuma Tri-X ga masu son baƙi da fari, wanda tun 1954 yake hannun mutane. A ce yaro na zaune a bakin taga da la'asar, haske ya kwanta a rabin fuskarsa. Da 400 sai ka buɗe ƙofar hasken lenis zuwa f/2.8, ka ɗauka a 1/125 na daƙiƙa, gashin idonsa ma ya fito. Da 100 ne a ciki, dole ka sauka zuwa 1/30, kuma yana ɗan juya kai fuskar ta shafe, ga hannunka ma ba zai tsaya cak ba. Mai 400 ɗin nan dai, ka fita da shi tsakar rana, ka tsuke lenis zuwa f/16, ka sa 1/500, ya yi aikinsa. Portra 800 na ajiye shi don bayan faɗuwar rana da cikin ɗaki, domin tsofaffin kyamarori da yawa ba sa wuce 1/500 ko 1/1000, rana ta yi musu yawa da shi.

Haƙurin da kuka gina a cikin fim mai launi irin su Gold, UltraMax da Portra ma abin yabo ne. Haske ya zarce da mataki ɗaya ko biyu, wato ya ninka sau ɗaya ko sau biyu, hoto na fitowa lafiya lau. Ƙarancinsa ne ke dusar da inuwa, shi ya sa nake gaya wa sababbin shiga cewa in suna kokwanto, su ƙara haske.

Sai alamar DX da kuka fito da ita a 1983, waɗannan murabba'ai masu ruwan azurfa da baƙi a jikin gwangwanin fim. Ƙananan kyamarori na karanta lambar da kansu, wanda bai taɓa jin ISO ba ma yana samun hoton iyalinsa. Takardun bayanin kowane fim kuma suna nan a intanet kyauta, da jadawalin abin da za a sa a rana, a gajimare da a inuwa.

Roƙona ɗaya: kada ku daina yin mai 400. Allah ya ƙara basira, ya albarkaci aikinku.

Naku,
Wani mai ɗaukar hoto da fim