Rahoton Ayyukan Shekara: Gonakin Makarantun Sakandare da Darasin Aikin Gona

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayen ƙungiya, shugabannin makarantu, malaman aikin gona da sauran 'yan'uwa mambobi, ga rahoton kwamitin gudanarwa kan aikin da aka yi a gonakin makarantun sakandaren da muke hulɗa da su a ƙasar Ringim, daga ranin da ya wuce zuwa kakar bana. Bayanin kuɗi yana hannun ma'aji, zai karanta shi daban.

A taron bara mun tsayar da magana ɗaya, kuma a kanta aka ɗora aikin bana. Galibin ɗalibanmu 'ya'yan manoma ne, sun iya riƙe fartanya tun kafin su gama firamare. Ba mai koya musu firi ko maimai. Abin da gida bai cika ba su ba shi ne awo da lissafi da rubutu: faɗin gonar nawa ne, iri nawa ta ci, taki nawa aka zuba, me ta bayar da kaka. Saboda haka muka roƙi makarantu su daina share fili mai faɗi da ba a iya kula da shi, su koma ƙananan fulotai da aka auna.

Awon fuloti da gwajin iri

Kowane rukunin ɗalibai ya karɓi fuloti mai mita 10 a tsawo, mita 10 a faɗi. Murabba'in mita 100 ke nan, wato kashi ɗaya cikin ɗari na hekta. An zaɓi wannan girman ne don sauƙin lissafi: duk abin da fuloti ya ci ko ya bayar, a ninka shi sau 100, an sami na hekta. Wanda ya saba da eka kuma ya tuna hekta ɗaya ta kusa eka biyu da rabi. Wajen fitar da kusurwa an yi amfani da igiya mai mita 12 da aka raba da ƙulli gida uku, mita 3 da mita 4 da mita 5, aka kafa turaku uku. Inda aka yi awon da taku, fulotai sun fito a karkace, lissafin amfanin kuma ya tashi a banza.

Kafin shuka, kowane aji ya yi gwajin tsiro. Ana ƙirga ƙwaya 100 daga sama da tsakiya da ƙasan buhu, a jera a kan jiƙaƙƙen tsumma, a naɗe, a ajiye a inuwa ana yayyafa ruwa. Bayan kwana 5 zuwa 7 a ƙirga waɗanda suka tsira. Idan sun kai 85, irin yana da kyau. Idan sun tsaya wajen 70, a ƙara ƙwaya a kowane rami. Abin da ya gaza 60 kuwa, tukunya ta fi dacewa da shi. Kuskuren da ya fi yawa shi ne tsoma tsumman cikin ruwa tsundum, iri ya rasa iska ya ruɓe, a ɗora wa mai iri laifin da ba nasa ba.

Damina: gero, gyaɗa da wake

An shuka gero SOSAT da ruwan shuka, tazarar santimita 75 tsakanin kunyoyi, 50 tsakanin ramuka. Fuloti ɗaya ya ɗauki kunya 13, kowace da rami 20, jimla rami 260. Kowane rami ya sami kamfa, wato NPK 15:15:15, cikin murfin kwalbar lemo ɗaya, kimanin giram 6, a binne shi santimita 5 daga irin. A wata makaranta an zuba takin cikin rami ɗaya da iri, ruwa kuma ya ɗauke kwanaki, tsiron ya ƙone, sai da aka sake shuka. Bayan mako biyu an rage tsiro zuwa biyu ko uku a rami. Yuriya ta biyo baya a mako na huɗu zuwa na shida, ita ma binne ta ake yi a ƙasa mai laima, domin idan aka watsa ta a sarari rana ta buga, wani kaso na sinadarin yana bin iska.

Mun dage kan lissafin da ke bayan lambobin buhu, saboda yana fitowa a jarrabawa, kuma yana hana asara a kasuwa. Buhun kamfa mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 7.5 na naitirojin. Buhun yuriya, mai kashi 46 cikin ɗari, yana da kilo 23. Ɗalibin da ya gane wannan ba zai ƙara cewa "taki taki ne" ba.

Gyaɗa ba ta ba mu wahala ba. An shuka SAMNUT 24 mai saurin nuna, aka ba ta takin sufa lokacin shuka, aka daina shiga da fartanya kusa da gindi da zarar ta fara soka 'ya'ya a ƙasa.

Wake ne ya ci lokacinmu. An shuka shi a tsakiyar Yuli don ya bushe bayan ɗaukewar ruwa, santimita 75 da 20, ƙwaya biyu a rami. Rami 650 ke nan a fuloti, iri kuma bai wuce kwatan kilo ba. Taki kilo ɗaya na kamfa da kilo ɗaya na sufa ya wadatar, domin wake yana samar wa kansa naitirojin ta ƙulluttukan saiwarsa. Ɗalibai sun tumɓuke gindi ɗaya-ɗaya sun tsaga ƙulluttukan: mai aiki cikinsa ja-ja ne. Inda aka ƙara wa wake yuriya don a burge baƙi, ganye ya yi shar, kwanso ya yi ƙaranci. A filayen da ƙuduji ya addaba an sa SAMPEA 14 da SAMPEA 15, waɗanda aka san su da jure masa.

Matsalar dogon hutu

Nan ne gizo yake saƙa, kuma muna roƙon mambobi su tsaya a kan wannan sashe. Waken da aka shuka a tsakiyar Yuli yana fara fure bayan kwana 35 zuwa 45, wato ƙarshen Agusta. A daidai lokacin makarantu suna dogon hutu. 'Yan aji shida kuwa sun riga sun tafi tun bayan WAEC da NECO. To a wannan tsakanin ne tsutsar da ke huda fure da kwanso, da ƙananan ƙwarin da ke zubar da fure, da masu tsotse kwanso suke ɓarnarsu. Feshin farko ana yin sa ne da fitowar tohon fure, na biyu bayan kwana 10, na uku bayan wasu kwana 10. Wanda ya rasa na farko da na biyu, harawa zai girba. Shekara da shekaru ana cewa gonar makaranta ba ta albarka, alhali ba ta da mai duba ta ne a makonni shidan da suka fi muhimmanci.

Bana an gwada jadawalin hutu. An zaɓi ɗaliban da gidajensu ke cikin garin da makarantar take, da yardar iyayensu a rubuce, suna zuwa sau biyu a mako da sassafe ƙarƙashin malami ɗaya mazaunin garin. Aikinsu cire ciyawa, duba ƙasan ganye da cikin fure, da rubuta abin da suka gani da kwanan wata. Inda jadawalin ya tsaya, an yi roron wake a ƙarshen Satumba da farkon Oktoba. Inda malamin ya yi tafiya ba a naɗa wani ba, ciyawa ta rufe fuloti, awaki kuma suka ƙarasa sauran ta ɓarakar darni. Makarantun kwana ba su amfana da tsarin ba, domin ɗalibansu sun warwatsu. Shawarar kwamiti ita ce su rage noman damina su ƙarfafa na rani.

Dokarmu kan feshi ba ta canja ba: ɗalibi ba ya goya tankin maganin ƙwari. Babba ne yake yi, da safar hannu da takunkumi da doguwar riga, da safe ko da yamma, ba ya fuskantar iska. Abin da ɗalibai ke koya shi ne karanta takardar jikin kwalba, da kwanakin da za a jira kafin girbi, da gwada tanki da ruwa zalla don sanin lita nawa ke rufe fuloti. Abin da suka haɗa da hannunsu shi ne ruwan darbejiya: rabin kilo na dakakken ƙwallo cikin lita 10 na ruwa, ya kwana, a tace da ƙyalle, a sa ɗan sabulu, a fesa da yamma a ranar. Yana rage darɓa, amma ba ya isa shi kaɗai idan tsutsa ta yi yawa. Wasu sun tambaya game da irin wake SAMPEA 20-T da cibiyar bincike ta Samaru ta fitar a 2019. Yana kare kansa daga tsutsar kwanso, amma sauran ƙwarin suna nan, don haka feshi raguwa yake yi kawai.

Ajiya

An koyar da ajiyar wake a buhun PICS mai riɓi uku, leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje. Da farko a tabbatar waken ya bushe: a zuba shi da busasshen gishiri cikin busasshiyar kwalba a girgiza, idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, a mayar da shi shanya. A hura kowace leda a duba huji. A zuba wake, a matse iska, a murɗa bakin leda ta ciki a lanƙwasa a ɗaure, sannan ta biyu, sannan buhun waje, kowanne da ɗaurinsa. A ɗora a kan katako nesa da bango saboda ɓera. Ƙwaron wake yana mutuwa ne don iskar da yake shaƙa ta ƙare, shi ya sa ɗaure ledojin gaba ɗaya, ko buɗe buhu kowane mako a ɗebi na alala, yake ɓata aikin. An kuma ja kunnen ɗalibai kan zuba fiya-fiya a cikin wake. Irin wannan maganin ne ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen waken Najeriya a 2015, kuma kafin Turawa, mu ne masu ci.

Rani

Makarantun da ke da rijiyar burtsatse ko suke kusa da fadama sun yi renon tumatir da albasa. Faɗin gadon reno mita ɗaya, don hannu ya kai tsakiya ba tare da an taka ba. Layuka santimita 10 tsakani, zurfin iri santimita ɗaya, a rufe da busasshiyar ciyawa, a yaye ta da zarar tsiro ya leƙo. Tumatir ana dasa shi bayan mako 3 zuwa 4, da yamma, albasa kuma sai mako 6 zuwa 8. Ɓarna biyu aka gani. Ta farko ruɓewar gindin tsiro, saboda cunkoson iri da yawan ban-ruwa. Ta biyu makara: wanda ya zuba iri bayan Disamba, furensa ya haɗu da zafin Maris da Afrilu ya zube, ga kuma tsutsar nan mai cin cikin ganye da ta kassara manoman Kadawa a 2016. A zuba iri a Oktoba ko Nuwamba.

Kiwo bai yi nisa ba bana. An dai yi wa kajin gida rigakafin cutar da ke kashe su da hunturu, ta ɗigo a ido, kuma ana maimaita shi bayan wata 3 zuwa 4.

Shirin jarrabawa da gaba da sakandare

A jarrabawar gwaji mun lura ɗalibi yana sanin abu sarai, kaska ko ƙuduji ko ƙwaron wake, amma ya rasa maki don bai san sunansa na Ingilishi ba. An soma tara samfura a kwalabe, kowace da suna a harsuna biyu. An kuma yi gwajin ƙasa: a cika sulusin kwalba da ƙasa, a ƙara ruwa, a girgiza a ajiye. Yashi yana kwanciya cikin minti ɗaya, turɓaya bayan sa'o'i, laka kuma sai ta kwana ko fiye. Ƙasar jigawa da ta fadama, gefe da gefe, sun bayyana wa yara dalilin da taki ke saurin zurarewa a tudu fiye da yadda allo zai yi.

An yi wa 'yan aji biyar da shida bayanin wuraren ci gaba da karatu: Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Dambatta, Kwalejin Fasaha ta Binyaminu Usman da ke Haɗejia, da tsangayoyin aikin gona na Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Bayero. An nanata musu cewa darasin noma kaɗai ba ya kai mutum can, sai da Kimiyyar Sinadarai da Lissafi da Ingilishi.

Abin da ke gabanmu

Har yanzu a wasu makarantu ana tura mai makara ko mai laifi gona a matsayin horo. Ranka ya daɗe shugaban makaranta, yaron da ya san gona a matsayin wurin hukunci ba zai riƙe mana littafin awo da zuciya ɗaya ba. Muna roƙon a nemi wani horon.

Kafin taro na gaba ana buƙatar kowace makaranta ta miƙa wa sakatare littafin gonarta, ko da amfanin ya lalace, tare da dalilin lalacewar. A gyara darni ko a dasa shingen raye kafin watan Mayu. A rubuta sunan malamin hutu da na mataimakinsa tun farkon zango na uku. Kowace makaranta kuma ta tanadi sikeli mai rataya da tef ɗin awo mai mita 30, domin har yanzu akwai masu kawo mana rahoton amfani da dami da kwano.

Wassalamu alaikum.

Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa.