A ƙirga mu a inda muke kwana

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku domin in yi magana da 'yan uwana 'yan Arewa mazauna Legas a kan ƙidayar jama'a. Rabon Najeriya da ƙidaya tun watan Maris na 2006. An shirya wata a Mayun 2023 aka ɗage, amma ko ba daɗe ko ba jima za a yi ta, shi ya sa nake son mu yi wannan magana tun da sauran lokaci.

A waccan ƙidayar an ba Kano mutum miliyan 9.4, Legas kuma miliyan 9 da 'yan kai. Gwamnatin Legas ta ƙi yarda, ta ce nata lissafin ya haura miliyan 17. Wannan gardama tasu ce. Abin da na gani da idona a Agege shi ne, ana saura kwanaki a fara, manyan motocin da suka sauke shanu da tumatur sun juya Arewa maƙil da mutanenmu, saboda an aiko daga gida cewa kowa ya dawo a ƙirga shi. Mutum ya shekara ashirin a nan, a nan matarsa take haihuwa, amma an rubuta shi a ƙauyen da ba ya leƙawa sai da babbar salla.

A zamanin kakana, wanda jirgin ƙasa ya kawo shi fataucin goro, wannan yana da ma'ana. Ci-rani ake zuwa: a gama girbi a taho, hadari ya fara haɗuwa a koma gona. Yanzu wace gonar za a koma? Wadda kaka ya noma shi kaɗai an raba wa 'ya'ya, 'ya'ya sun raba wa jikoki, har rabon mutum ba ya ciyar da shi wata uku. A sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato kuma 'yan bindiga sun hana zuwa gonar ma baki ɗaya. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna a matsakaici mace a Katsina tana haihuwar 'ya'ya 7.3, a Legas 3.4. Haihuwa albarka ce, ni ma uba ne. Sai dai yaran nan girma suke yi, kuma in babu makaranta babu sana'a a gida, mota suke hawa. Da yawansu a nan suke sauka, kuma sun zo ke nan.

Ina koyarwa a wata Islamiyya a Agege. Ajin da muka gina wa yara arba'in yanzu sai mun shimfiɗa tabarma har baranda, kuma in na nemi takardar haihuwa wurin sabbin ɗalibai, kaɗan ne ke kawowa. A gidan hayar da ke bayanmu akwai ɗaki guda da samari ke kwana karɓa-karɓa. Masu gadi su shigo da hantsi bayan masu turin ruwa da 'yan dako sun fita, katifa ɗaya ba ta hucewa. Wanda ya shiga kasuwar Mile 12 da tsakar dare zai ga wasu kwance a tsakanin kwandunan tumatur. Babu takardar hukuma da ta san da zamansu, a nan ko a can.

Illar wannan mun ɗanɗana ta a Yunin 2022, da aka hana acaba a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja da Surulere da Apapa. Kowa ya san gidaje da yawa sun rasa abin sawa a baki, amma nawa ne? Ba mu da adadin da za mu ajiye a gaban gwamnati. Haka abin yake in ana rabon azuzuwan firamare, ko asibitin haihuwa, ko allurar rigakafi: lissafi ake dubawa, unguwar da ta kwashe mutanenta ranar ƙidaya kuwa ƙarama ce a takarda.

Na san amsar da za a ba ni, cewa in an ƙirga mu a Legas kason Arewa zai ragu a rabon arzikin ƙasa. To, kason da aka karɓa da sunanmu tun 2006, wace makaranta ya gina da ta riƙe waɗannan samarin a gida? Wasu kuma tsoro suke ji, wai rajista hanyar haraji ce ko ta kora. Ni a ganina wanda ba shi da suna a ko'ina shi ya fi sauƙin kora.

Don haka ina roƙon limamanmu na Agege da Idi-Araba da Obalende da Alaba Rago su sa wannan a huɗuba, sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa su matsa wa mutanensu su yi katin shaidar zama a jihar na LASRRA, wato hukumar rajistar mazauna Legas, su kuma karɓar wa 'ya'yansu takardar haihuwa. Ita kuma Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, idan lokaci ya yi ta ɗauki ma'aikata masu jin Hausa a waɗannan unguwanni, har da mata, domin akwai gidajen da namiji ba zai shiga ba. Ta kuma ware masu zagaya kasuwanni da tashoshin mota da dare, lokacin da za a sami mutanen a wurin.

Wassalam.
Mai karatunku, malamin Islamiyya daga Agege, Legas.